Harajin Ammi Salisu

Azumin bana ya zo mana a sanyi. Ran huɗu ga wata har ruwa aka yi a Makka, ruwa na gaske, wanda ya gangaro daga duwatsu ya malale titin Rusaifa. Mun yi buɗa-baki taga a buɗe, babu wanda ya tuna da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da a wasu shekarun ba ma iya numfashi sai da ita. Baba ya kurɓi kununsa ya ce, "Wannan ai ba azumi ba ne, Uwata, hutu ne." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi dariya, amma hankalina ya riga ya koma wani azumin, na tsakiyar zafi, shekarar da aka fara karɓar dariba, wato harajin da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa.

A nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakanmu ne ya zo aikin hajji daga Kano ya zauna. Baba yana da ɗan shago a bakin layinmu inda yake gasa tsire, wanda Larabawa suka mayar siriya. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma uku ba: murhu, firji ɗaya, da benci a waje. Direbobin bas na tashar Kudai da leburori su ne masu sayensa. Ni kuma a lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Shisha, ina rubuta sunayen marasa lafiya a bakin ƙofa. Da albashina da cinikin tsiren ake riƙe gidan, mu uku, ni da Baba da Umma. Ba mu da shi da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Da aka ce dariba ta zo, babu wanda ya san kanta a layinmu. Jita-jita kawai ake yi. Wannan ya ce wanda bai yi rajista ba za a garƙame masa shago, wancan ya ce tarar da za a ci mutum ko jikansa ba zai gama biya ba. Baba yana karatunsa sarai, amma in ya ga takardar hukuma sai gumi ya karyo masa. Ana cikin haka sai ga Ammi Salisu.

Ammi muke ce wa abokin uba. Shi kuwa Ammi Salisu abokin Baba ne tun suna yara, shi ya yanka ragon sunana. Sana'arsa bin ofisoshi da takardun mutane. Kullum yana cikin farar riga mai guga, da jakar fata a hammata, kuma duk ranar Alhamis a gidanmu yake cin abinci.

"Idi, kwantar da hankalinka," ya ce wa Baba. "Ina raye za ka je ofis ka bi layi? Kawo takardun shagon. Duk ƙarshen wata ka ba ni in kai musu, in kawo maka shaida."

Haka aka yi. Abin da yake karɓa a wata ya kusa kuɗin hayar shagon. Yakan kawo takarda mai shuɗin hatimi, Baba ya ninke ta ya ajiye a wani gwangwanin alawa. Ya ba Baba shawara ya ƙara kuɗin tsire don ya fanshe, Baba ya ce direban da ya yini a rana ba zai ƙara masa ko sisi ba. Don murnar ya sami mafita, Baba ya bi maƙwabta ya haɗa su da abokinsa: tela, da mai wankin kaya, da mai gyaran takalmi, da Yaya Ladi mai kunu, wata dattijuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa. "Ku ba shi," yake ce musu. "Salisu ni ne."

Wata biyar ana haka, azumi ya kama.

Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba. Kafin hantsi duwatsun da suka kewaye unguwa sun gama ɗaukar rana, sai su yi ta maido mana da ita har bayan magariba. Ruwan famfo daga tankin saman gida yake saukowa, in ka tara masa hannu da azahar sai ya ƙone ka. Tun asuba Umma takan cika bokitai ta jera su a banɗaki su huce, da su muke alwala. Kuɗin wuta ma ya tashi, don haka mukayyif ɗaya ake kunnawa, daga azahar zuwa la'asar, mu uku mu kwanta a falo kamar marasa lafiya. In an kashe, sai kowa ya jiƙa tawul ya ɗora a wuya. Kafin ka gama tasbihi ya bushe.

Da la'asar aiki yake tashi. Umma ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta. Ni in na dawo daga asibiti in wanke hannu in zauna yankan nama, siriri siriri, ina soka shi a tsinke. Baba ya kwashe ya tafi hura gawayi. A da yana da ma'aikaci, wani magidanci da ya shekara shida tare da shi, amma kafin azumi ya sallame shi don babu abin biyansa. Shi kaɗai yake tsayawa a gaban wuta, da azumi a bakinsa. Ƙanshin yajin nan kan shiga hanci ya sauka har cikin hanji, ga leɓe ya tsage, ga yawu ya ƙafe.

Tabarmar buɗa-bakinmu kuwa kullum raguwa take. Sambusa ce ta fara ɓacewa. Sai sobiya, abin shan nan mai sanyi da Baba ke so. Daga nan nama ya fita daga shurba, romon da muke buɗa-baki da shi, ta koma alkama da ruwa da albasa. Gidan mai tsire, amma sai mu yi kwana shida ba mu ga nama a kwano ba. Ranar Alhamis kaɗai Umma ke ware kaza, don Ammi Salisu zai zo, kuma ba a nuna wa baƙo rashi. Yakan suɗe yatsunsa ya ce, "Hajiya, hannunki da albarka."

Wata rana ina yankan nama na ji dakan Umma ya canza. Taɓarya na sauka, amma babu wannan ƙarar da na saba ji tun ina yarinya. Na ɗaga kai na dubi hannunta. Awarwayenta huɗu na zinariya, waɗanda ta tara ɗaya bayan ɗaya tun aurenta, babu ko guda.

"Umma, ina awarwayenki?"

"Na kai su gyara," ta ce, ba ta daina daka ba.

Ban sake tambaya ba.

Ran sha biyu ga wata, saura kaɗan a kira sallah, Baba ya sunkuya zai gyara gawayi sai jiri ya kwashe shi. Ya faɗi gefen murhu, garwashi ya ƙone masa damtse. Tela ne ya sa shi a mota ya kawo shi asibitinmu. Yana da ciwon sukari, kuma da likita ya matsa masa da tambaya sai ya amsa cewa burodi da shayi kawai yake sahur da su. Likita ya ce ya ajiye azumi. Ya ajiye na kwana biyu ya ci gaba.

A ƙofar asibitin akwai wata sanarwa da na yi makonni ina wucewa ban tsaya na karanta ba. Bayan kwana biyu, da na raka Baba wankin ƙunar, na karanta. Ƙungiyar agaji ta unguwa ce ta manna. Wai akwai akantoci masu aikin sa kai da ke zama daga azahar zuwa la'asar, suna duba wa masu ƙaramin ƙarfi takardun dariba kyauta, kuma akwai asusun tanadi na iyalan da ke aiki amma samunsu kaɗan ne. Da muka koma gida na gaya wa Baba.

"Mu ba mabarata ba ne," ya ce. "Wanda ke da Salisu me zai je nema wurin baƙi? In je a tona mini asiri a gaban sa'o'in 'yata?"

Washegari da zan fita aiki na ji jakata ta yi nauyi. Gwangwanin alawar ne a ciki. Umma ta rako ni bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya.

"Ki tambaya ko ana yi wa marar lafiya sassauci. Ni dai ban aike ki ba."

Ofishin ƙungiyar yana ƙasan wani bene a bayan masallaci, ɓangaren mata dabam. Da na shiga, sanyin ɗakin ya daskarar da gumin bayana. Mata ne a jere a kujeru, masu shara a otal, matan direbobi, masu ɗinki a gida, kowacce da ledar takardu a cinya. Wadda ta karɓe ni ana ce mata Ustaza Amal, mace mai kimanin shekara arba'in, da tabarau. Da Larabci ta fara, da ta ga sunan Baba sai ta ɗago ta ce da Hausar Damagaram, "Ashe 'yar gida ce."

Ta tambaye ni cinikin shagon na yini, na faɗa mata. Ta buɗe gwangwanin ta warware takardun, ta buga lambar da ke samansu a kwamfuta. Ta goge ta sake bugawa. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa yake ba ku waɗannan?"

"Amminmu. Abokin babana."

"Hannu da hannu kuke ba shi?"

"Duk ƙarshen wata."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. "Ya binti, 'yata, wannan lambar ba ta kowa ba ce. Shagonku ba shi da rajista, kuma ba a nemi ya yi ba. Cinikinku na shekara bai kai inda doka ta fara tambaya ba, ko kusa bai kai ba. Ba a bin ku komai. Ba a taɓa bin ku ba."

"To abin da muke kaiwa fa?"

"Bai je ko'ina ba. Hatimin nan ko a kasuwa ana sassaƙa irinsa."

Na ji kunnuwana sun toshe kamar na shiga ƙarƙashin ruwa. Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin abin da take faɗa. Abin mamaki, ba kuɗin ne suka fara zuwa raina ba. Kazar Alhamis ce, da yadda Umma ke zaɓo masa cinya, mu kuma mu ci wuya da fiffike bayan ya tafi. Na roƙe ta ta sake dubawa. Ta sake, ba ta nuna gajiya ba. Ta miƙo mini gorar ruwa, sai ta tuna ana azumi ta janye hannunta.

"Akwai wasu da suke ba shi?" ta tambaya.

Na lissafa mata su da yatsu. Ta buga mini takardar da ta nuna gaskiyar lamarin, ta ce duk a kawo su, za a duba wa kowa, a rubuta musu ƙara in suna so, ba a karɓar ko riyal ɗaya.

Ban san yadda na isa gida ba. Da na gaya wa Umma, sai ta zauna a kan turmi ta zuba wa wuyan hannunta ido. Sannan ta ce, "Inna lillahi." Muka shirya ba za mu gaya wa Baba ba sai ya sha ruwa, saboda ciwonsa. Bayan ya ci dabino ya yi magariba, na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai.

"Yarinyar ofis ta yi kuskure," ya ce.

Na miƙa masa takardar. Ya bi ta da yatsa, layi layi, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Da ya gama ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Gobe Alhamis," shi ne kawai abin da ya ce.

Washegari da la'asar Umma ta tsaya a ƙofar falo. "Malam, in sa kazar?"

"Ki sa."

Ammi Salisu ya zo da farar rigarsa da jakarsa. Ya tambayi hannun Baba, ya yi masa sannu. Suka sha ruwa, suka yi sallah, suka ci abinci, Baba bai ce masa uffan ba har ya ƙoshi. Ina shigowa da tiren shayi na ga Baba ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma. Na tsaya a bayan labule.

"Salisu, an duba waɗannan."

Na zaci zai yi rantsuwa, ko ya yi kuka, ko ya tashi da faɗa. Sai ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya duba?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Idi, da ban karɓa ba wani zai karɓa, wanda ma ba ka sani ba. Kun firgita, kuna neman wanda za ku ba. Ni ma ina da hidimomi a kaina. Da na sami sarari ai zan mayar."

Baba ya ɗaga damtsensa da ke naɗe da bandeji. "Ka zo asibiti ka duba ni. Ka tofa mini addu'a a wannan hannun. Washegari ka kira ka ce watan Turawa ya ƙare, a kawo kuɗi."

"Wannan dabam, wancan dabam," in ji Ammi Salisu.

Muryarsa ko kaɗan ba ta canza ba, ita ce dai wadda yake yi mini nasiha da ita tun ina ƙarama. Baba ya dube shi ya daɗe, kamar yana neman wani wanda ya sani a cikin fuskar.

"Tashi ka tafi," ya ce. "Ka ci abincina, ba zan ɗaga maka murya ba."

Ya tashi, ya sa takalmansa a natse, har da cewa a gaida Hajiya.

Ranar Baba bai buɗe shago ba. Washegari bayan Juma'a, rana tsaka, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Magana ɗaya yake yi wa kowa: "Ni na kai ku. Na zo in faɗa muku da bakina." Tela ya zauna a kan kekensa ya dafe kai. Mai wanki ya yi ta zagi da Larabci har muryarsa ta dushe. Mai gyaran takalmi kuwa dariya ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa. Ran Lahadi Baba ya shige gaba suka bi shi zuwa ofishin ƙungiyar, wurin da ya ce ba zai taka ba. Aka duba wa kowa, duk labari ɗaya. Aka rubuta musu ƙara suka sa hannu. Bayan sallah 'ya'yan Ammi Salisu suka zo ban haƙuri, aka mayar da wani abu kaɗan kaɗan, shi kuma ya tashi daga unguwar. Ban sake jin Baba ya ambaci sunansa ba.

A wannan zuwan na ran Lahadi ne Umma, da ta bi su, ta shiga asusun tanadi. Baba ya so ya hana, ya ce kada ya zama riba ce. Ustaza Amal ta aiko masa da bayani cewa abin da mutum ya ajiye nasa ne, ƙarin da ake yi a ƙarshen shekara kuma kyauta ce daga masu hali, ga wanda ya jure bai taɓa ajiyarsa ba. Umma ta jure. Da abin da ta tara aka sayi firji na biyu, ma'aikacin Baba ma ya dawo. Yanzu matasan layinmu a waya suke duba irin waɗannan abubuwa kafin shayi ya huce, kuma duk shekara ana cika ofishin nan, mutane na gaisawa a layi ba mai sunkuyar da kai. A lokacinmu kuwa sai da na shiga da gwangwani a ɓoye cikin jaka.

Mutum ɗaya ce Baba bai samu ba ranar Juma'ar, wato Yaya Ladi mai kunu. Rumfarta a rufe take tun kafin azumi, mu duka mun ɗauka ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita. Ran ashirin ga wata ya ce in raka shi gidanta. Ɗakinta yana can saman dutse, sai an hau matakala mai tsawo. Muka same ta a bakin ƙofa tana fifita da kwali. Baba ya tsuguna ya faɗa mata abin da ya faɗa wa sauran. Ta saurara har ya gama.

"Idi, ka san abin da ya sa na rufe?"

"An ce gwiwa ce, Yaya."

"Gwiwata ƙalau. Wata biyu na kasa biya, Salisu ya ce za a zo a tafi da ni. Na sayar da tukwanena duka biyu na ba shi. Ga azumi, lokacin da kunu ke tafiya, ni ina zaune ina fifita."

Na ga bayan Baba ya ƙara lanƙwashewa. "Yaya, ki yafe mini."

"Yafiya ba ta dama kunu," ta ce.

Ya miƙe ya fara sauka, na bi shi. Na ɗauka kunya ce ta kore shi. Da muka isa gida ya wuce kicin kai tsaye, ya jawo babbar tukunyar da Umma ke dafa abincin sallah a ciki. Umma ta dube shi, ta matsa ta ba shi hanya. Ya ɗora tukunyar a ka, ya dafe ta da hannun da ba ya ciwo, ya fita. Mutum mai shekara sittin, da azumi, da bandeji, yana hawan matakalar nan a ranar da ko kyanwa ba ta fitowa. Mutane suka leƙo ta taga. Sau biyu yana tsayawa ya jingina da bango, in na miƙa hannu zan karɓa ya girgiza kai.

Ya sauke ta a gaban Yaya Ladi yana haki. Ta ajiye kwalin ta jawo tukunyar. Ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa ta saurara, ta karkata ta wajen haske tana duban ko akwai huda. Sannan ta ɗago.

"Murfin fa?"

Baba ya share gumin fuskarsa, ya juya, ya sake kama matakala.